Yadda Ake Kula da Haƙoran Kare da Mage, Daga Tsakar Gida Zuwa Teburin Likita

Tun ranar da likita ya cire wa karen gadin gidanmu turmin haƙori, tambaya ba ta yanke mini ba a nan Bauchi. Wani bakin karensa ne ke wari, wata magenta ce ta daina cin busasshen kifi, wani kuma so yake ya ji ko da gaske ne sai an sa dabba barci kafin a wanke mata haƙori. Ga yadda aikin yake bi da bi. Mafi yawansa da hannunka za ka yi a gida, amma akwai inda in an kai, sai likitan dabbobi, kuma zan nuna wurin idan mun iso.

1. Kafin ka taɓa baki

Kada ka fara da buɗe bakin. Tsaya daga nesa ka kalli dabbar tukuna, ka kuma tambayi kanka yaushe rabonta da allurar rigakafin haukan kare. Ana fara wannan allura daga wata 3 da haihuwa, a nan ƙasar kuma ana sabunta ta duk shekara, kare da mage duka.

Gargaɗi: karen da ke dalalar da miyau, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya, ko halinsa ya juya cikin 'yan kwanaki, ba ka da hurumin sa masa hannu a baki. Haukan kare ba kullum yake zuwa da haushi da cizo ba. Akwai nau'in da dabbar ke yin lakwas, baki a buɗe, har mai ita ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale mata, ya zura yatsu zai ciro. Ta miyau cutar ke shiga, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Rufe dabbar inda yara ba za su kai gare ta ba, ka kira asibitin dabbobi. Idan an riga an yi cizo ko miyau ya taɓa rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a wuce asibitin mutane a ranar. Karen da ya yi cizo ana tsare shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likita. Idan ya mutu, kada a jefar da shi a bola. Likita ne zai shirya yadda za a kai samfur gwaji, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana wannan aikin.

Idan rigakafi na nan daram, kuma halin dabbar bai sauya ba, sai a ci gaba.

2. Haɗa kayan aiki

Ba su da yawa. Safar hannu ta roba irin ta asibiti, tocila ko fitilar waya, ƙyalle mai tsabta ko bandeji, buroshin yara mafi laushi da za ka samu, da tawul ko tsohon zani idan mage ce. Duka ana samunsu a kemis da shagunan kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal. Man goge haƙori na dabbobi sai a shagon magungunan dabbobi, ba kuma kullum ake dacewa da shi ba. Kada rashinsa ya tsayar da kai, domin gogar buroshin ce ke cire dattin, man yana jawo hankalin dabbar ne. Ruwa zalla ya wadatar.

Safar hannun ta kuma sauƙaƙa wa mai damuwa da batun tsarki da miyan kare. Ka ware kwano da buroshin kare daban, ka ajiye su nesa da kayan kicin.

Gargaɗi: kada a yi amfani da makilin ɗinmu na mutane. Dabba ba ta iya tofarwa, haɗiyewa take yi, ga sinadarin fulorayid a ciki. Wasu nau'o'in kuma suna da wani abin zaƙi da ake rubuta xylitol a jikin kwali, wanda ke faɗar da sukarin jinin kare ya kuma lalata masa hanta. Haka ma kada a goga mata gishiri, toka, gawayi ko kanwa. Dettol da Izal kuwa ko kusa da bakin mage kada su je, guba ne a gare ta.

3. Duba bakin

Zaɓi lokacin da dabbar ta natsu, bayan ta ci ta ƙoshi ko da yamma rana ta yi sanyi. Zauna a gefenta, kada ka tsaya a kanta. Ba sai ka wage bakin ba. Ɗaga leɓen sama da babban yatsa, baki na rufe, ka haska. Fara da fiƙa, sannan ka ja kusurwar leɓe baya har ka ga manyan turame, domin a can baya ɓarna ta fi taruwa, can ne kuma mutane ba sa dubawa.

Babban kare yana da haƙora 42, kwikwiyo 28. Babbar mage 30, ƙarama 26. Suna famfara tsakanin wata 3 zuwa wata 7. Idan kwikwiyo ya wuce wata 7 ka ga fiƙa biyu a jere a wuri ɗaya, siririya da babba, tsohuwar ce ta ƙi faɗuwa. Abinci zai riƙa maƙalewa a tsakaninsu, sai likita ya cire ta. Kada ka sa filaya: saiwarta doguwa ce kuma siririya, karyewa za ta yi a ciki.

Duba dasashi da kyau. Lafiyayye ruwan hoda ne, yana manne da haƙori, duk da cewa wasu karnukan da baƙin tabo aka haife su. Danna shi da yatsa ka saki: zai yi fari, launinsa ya dawo kafin daƙiƙa 2. Jan layi a gindin haƙora shi ne farkon ciwo. Kanta mai ruwan ƙasa da ta kama haƙori kamar siminti, dasashin da ya janye har saiwa ta fito, mugunya, haƙori mai girgiɗi ko wanda ya koma ruwan toka, duk ka lura da su. Ɗauki hoto da waya a kowane gefe. Zai yi maka amfani wajen likita, kuma bayan wata biyu za ka ga ko an ci gaba ko an koma baya.

Idan dabbar ta yarda, buɗe bakin sau ɗaya ka leƙa ganɗa. Sau da yawa tsinke, guntun ƙashi ko ƙayar kifi kan gicciye a can tsakanin turamen sama, kare ya yi ta kai ƙafa baki.

Gargaɗi: da ka ji gurnani ko ka ga jiki ya sandare, ka dakata. Ciwon baki yana sa ko karen da ya tashi a hannunka ya kai cizo. Mage kuma a naɗe ta da tawul, kai kawai a waje. Cizonta ƙaramin rami ne mai zurfi da ke saurin ruɓa, idan ya same ka a yatsa ka je asibiti.

4. Raba na gida da na likita

Ɗan wari kaɗan da siririn datti mai laushi da ke fita idan ka goga da ƙyalle, wannan naka ne, ka wuce mataki na 5. Amma kanta da ta daskare, jini, mugunya, karyayyen haƙori, tauna da gefe ɗaya, zubar da abinci daga baki, ko ƙari a dasashi, buroshi ba zai yi musu komai ba sai ƙarin azaba. Ka tsallaka zuwa mataki na 7.

Akwai alamun da ba su yi kama da na haƙori ba, alhali na haƙori ne. Na karenmu da kumburi ya fara, ƙasan idon hagu, kamar an cusa masa goro a ƙarƙashin fata. Muka ce kunama ce. Wani mai yawo da jakar allurai a babur ya yi masa allura, kumburin ya sace, bayan sati uku ya dawo. Aka sake, ya sake dawowa, a karo na uku ya fashe yana tsiyayar ruwa mai jini-jini. Da muka kai shi asibitin dabbobi, likitan ko kallon idon bai tsaya yi ba. Leɓe ya ɗaga, ya haska babban turmin sama, ya ce, "Malam, matso ka gani." Gefen haƙorin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, ga ɗan baƙin ɗigo a tsakiya inda jijiya ta mutu. Saiwoyin wannan haƙorin a ƙasan ido suke, shi ya sa mugunyar ta nemi hanya ta can. "Me yake tauna?" ya tambaye ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙashin ƙauri muke karɓo masa daga mahauta." Ya ce to shi ne. Wata biyu dabbar nan tana gadin gida da wannan ciwon, ba ta fasa cin abinci ba ko sau ɗaya. Abin yana damuna har yau, shi ya sa ba na yarda idan aka ce mini ai yana ci, lafiyarsa lau.

Haka atishawa da majina ta hanci ɗaya na iya zama ruɓar saiwar fiƙar sama da ta huda zuwa hanci. A wajen mage, wadda a nan wasu ke ce wa kuliya, akwai ciwon da ke cinye haƙori daga gindinsa, za ka ga ta nufi kwano da yunwa, ta taɓa, ta zabura ta gudu. Akwai kuma wanda ke sa can cikin baki ya yi jajir, ta daina lasar jikinta, gashinta ya cukurkuɗe.

Wasu alamun kuma a baki suke fitowa amma ciwon na wani wuri ne. Dasashi fari fat ƙarancin jini ne, a nan kuma kaska da tsutsar ciki ne kan gaba wajen jawo shi. Ruwan ɗorawa na nuna hanta ko fashewar ƙwayoyin jini. Baki mai zarnin fitsari na nuna ƙoda. Waɗannan ba sa jiran gobe.

Gargaɗi: kada ka ba da maganin ciwon jikinmu. Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe mage. Ibrufen da daikulofenak suna huda cikin kare su taɓa ƙoda. Kada kuma a riƙa ɗirka wa kwikwiyo magungunan dangin tetirasaikilin ba da umarnin likita ba, suna rina haƙoran da ke tsirowa har abada.

5. Koya mata buroshi

Nan ne aka fi yin gaggawa, nan ne kuma aka fi faɗuwa. Dattin da ke kwanciya a haƙori laushi gare shi a ranar farko, cikin kwana biyu zuwa uku yake fara daskarewa, bayan nan buroshi ba ya iya masa. Shi ya sa gogewa kullum ta fi, idan ta gagara a yi kwana ɗaya a tsallake ɗaya. Ta ranar Juma'a kaɗai ba ta hana kanta taruwa.

Satin farko ba buroshi. Tsoma yatsa mai safa a romon nama marar albasa da yaji, ko ruwan kifin gwangwani idan mage ce, ka bari ta lasa, ka shafa leɓe da fiƙa na 'yan daƙiƙu, ka sake ta tun ba ta gaji ba. Sati na biyu ka naɗa ƙyalle a yatsa ka goga fiƙa da haƙoran gefe. Sati na uku buroshi ya shigo, a fiƙa kawai. Sai a na huɗu za ka kai turamen baya. Tsohon kare da bai saba ba yana iya cin wata biyu, ba laifi.

Riƙe buroshin a karkace, gashinsa na kallon inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka riƙa juyawa a hankali kamar kana zana ƙananan da'irori. Bayan haƙora kawai za ka goge, wato ɓangaren kumatu. Na ciki harshe yana rage masa datti, kuma neman kai wa can ne ke jawo faɗa. Rabin minti a kowane gefe ya isa. Haƙoran gaba a bar su ƙarshe, nan ne suka fi jin cakulkuli. Ga mage, tsinken goge kunne mai auduga ya fi buroshi shiga. Ka ɗaure aikin da wani abu da ba ka fashinsa, misali dab da abincin dare, abincin ya zama ladarta.

Gargaɗi: ɗan jini kaɗan a kwanakin farko yana faruwa idan dasashi ya fara ja. Idan ya wuce sati, ko yana zuba sosai, ka tsaya ka kai ta a duba. Kada ka sa reza, ƙusa ko wuƙa ka kankare kanta. Za ka karce fuskar haƙori, datti ya ƙara samun wurin kamawa, wanda ke ƙarƙashin dasashi kuma yana nan. Asuwaki ma ban ba da shawararsa ba, kare tauna shi zai yi ya farfashe.

6. Gyara abin tauna

Karnukanmu sauran tuwo, ƙanzo da shinkafa suka fi ci, masu laushi da danƙo, shi ya sa buroshi ya fi zama dole a kansu. Abin tauna yana taimakawa, amma ka gwada shi da farce: idan farcenka bai iya lotsa shi ko kaɗan ba, ya fi ƙarfin haƙori. Ƙashin ƙauri, ƙaho, kofato da dutse duk sun faɗi wannan gwajin. Dafaffen ƙashin kaza da na suya kuma tsagewa suke yi su soki baki ko hanji. Roba mai kauri da aka yi don karnuka, ko ɗanyen karas, sun fi aminci, kana wurin yana tauna. Kifin mage a cire masa ƙaya. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da mage, a kula da sauran miya.

7. Neman likita da maganar kuɗi

Fara da asibitin dabbobi na gwamnatin jiha ko likita mai zaman kansa da ke da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya. Ba kowane mai sayar da maganin dabbobi ne likita ba, tambaya kuma ba rashin kunya ba ce. Idan aikin ya fi ƙarfin kayan da ke wurin, ka nemi ya tura ka gaba da takarda. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Jos shi ne mafi kusa da mu, tafiyar kamar awa biyu. Akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Maiduguri. Kafin ka ɗauki hanya, a yi waya a tabbatar suna yin irin aikin da kake nema da kuma ranar da za su karɓe ka.

Tambayoyin da za ka yi: Za a yi gwajin jini kafin barci? Za a sa bututun numfashi a maƙogwaro? Wa zai tsaya kan numfashi da bugun zuciya yayin da likita ke aiki? Da injin wanke haƙori za a yi ko da ƙarfen hannu, kuma za a goge haƙoran su yi santsi bayan nan? Akwai hoton haƙori? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan.

Kuɗin kashi-kashi ne: kati da dubawa, gwajin jini, maganin barci, wankin kansa, cire haƙori, magungunan gida, da kuɗin mota. Maganin barci da nauyin dabba ake auna shi, don haka babban kare ya fi mage tsada nesa. Cirewa ana lissafa ta ne da yawan haƙora da wahalarsu. Babban turmin sama saiwa 3 gare shi, sai an raba shi gida-gida kafin ya fita, ba za a yi masa kuɗin ƙaramin haƙorin gaba ba. Ka nemi a rubuta maka lissafi biyu, na wanki kaɗai da na wanki da cirewa, domin sai dabba ta yi barci ake ganin ainihin ɓarnar. Ka bar lambar da za a same ka a lokacin. Ni abin da na kashe a alluran nan da ba su yi amfani ba, da ya rage mini kaso mai kyau na kuɗin aikin gaskiya.

Gargaɗi: wanda ya ce zai danne maka kare ya kankare haƙoran ido biyu a farashi mai sauƙi, farin da ido ke gani kawai zai sayar maka. Ciwon a ƙarƙashin dasashi yake, ba dabbar da za ta tsaya a shiga can tana farke. Idan kuɗi ya gaza, a rage wani abu, amma ban da gwajin jini. Cututtukan kaska sun yi yawa a wajenmu, suna rage jini su kuma hana shi daskarewa, cire haƙori a irin wannan hali kasada ce.

8. Daren jajibiri da ranar aiki

Likita zai faɗi lokacin da za a ɗauke abinci, galibi daga bayan na dare, ruwa kuma akan bar shi har safiya. Ƙananan 'ya'yan kare ko mage da masu ciwon sukari nasu tsarin daban ne. Ka sanar da kowa a gidan, musamman yara, ka kuma rufe mage a ɗaki kada ta fita farauta. Idan an yi kuskure ta ci wani abu, ka faɗa. Amai a cikin barci yana iya shiga huhu. Ka faɗi duk maganin da aka ba ta a kwanakin nan, har na gargajiya.

Ku fita da sassafe, musamman a zafin Maris da Afrilu. Kare da igiya da takunkumi, kada a sa shi a but ɗin mota. Mage a kwando mai murfi da iska ke shiga, ba a buhu ba. Ka riƙe katin rigakafi.

A ciki, bayan barci da sa bututu, za a cire kantar sama da ta ƙarƙashin dasashi, a bi kowane haƙori da siririn ƙarfe mai awo. Ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi bai kamata ya wuce milimita 3 a kare ba, a mage kuma milimita 1. Wanda ya lalace a kashe wurin da allura a cire, a ɗinke da zaren da ke narkewa da kansa. Ka nemi a nuna maka abin da aka cire, a kuma rubuta a kati ko wane haƙori ne.

9. Bayan an dawo gida

A daren farko za ta yi ta layi. Shimfiɗa mata a ɗaki mai shiru, nesa da rijiya, kwata da matakala, kada a bar ta gadi. Ruwa kaɗan-kaɗan tukuna, abinci sai ta tsaya da ƙafafunta sosai, shi ma rabin abin da ta saba. Miyau mai ɗan ja na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Jini mai ɗiga ba tsayawa, kumburin da ke ƙaruwa, ko wari mai tsanani, a koma.

Idan an yi cirewa, abinci mai laushi na kwana 10 zuwa 14: tuwo da aka dama da romo, dafaffen ƙwai, naman da aka daka. Ba abin tauna, ba wasan jan igiya. A ƙarasa magunguna yadda aka rubuta ko da ta warware. Idan likita ya ba da ruwan wanke baki mai chlorhexidine, a shafa shi da auduga daidai yadda ya ce, kada a sayo na mutane a kemis a maye gurbinsa. Buroshi kuma sai ya duba ɗinkin ya ba da izini, daga nan a koma mataki na 5, domin wankin asibiti ba ya hana sabon datti kwanciya tun daga washegari.

Gargaɗi ga masu mage: idan ta yi kwana ɗaya cur ba ta ci komai ba bayan aiki, ka kira likita. Mage ba ta jure yunwa kamar kare, 'yan kwanaki ba ci suna iya taɓa mata hanta.

Giɓin ba ya hana su ci. Namu a kwana na uku ya koma kwanonsa, ramin ƙasan idon kuma ya rufe da kansa. Ranar da muka koma duba ɗinki, likitan ya rubuta a bayan katin rigakafi cewa duk shekara idan an zo allurar haukan kare a ɗaga leɓe a duba turmin dama, domin shi ne yanzu ke ɗauke da taunar duka.